Tauraron da ke tafiya da magariba: mene ne asalinsa?

Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Gumel, ya aiko da takarda yana cewa sun sha ganin wani tauraro mai haske yana keta sama bayan sallar magariba, ba ƙara, ba ƙyaftawa, har wasu a ƙauyensu na cewa alamar masifa ce. Yana so a faɗa masa ko mene ne.

To, malam, ka kwantar da hankalinka. Abin da kuka gani ƙirar ɗan Adam ne, kuma tarihinsa ba shi da tsawo.

Ran 4 ga watan Oktoba na 1957 ne Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan Adam na farko, mai suna Sputnik. Girmansa bai wuce na babbar ƙwarya ba, nauyinsa kilo 83 da 'yan kai, wato bai kai buhun masara ba. Mutane a ƙasashe da dama sun yi ta fitowa da dare don su gan shi, amma abin da galibinsu suka hango gangar rokar da ta kai shi ce, don ta fi shi girma da haske. A 1960 Amurka ta harba Echo, wani ƙaton balan-balan mai ƙyalli, faɗinsa mita 30, wanda kowa ke iya gani da ido.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Amurkawa sun kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau uku a watan Fabrairu na 1962. A watan Agusta na 1963 kuma, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta tarho da Shugaba Kennedy ta hanyar tauraron Syncom 2.

Daga nan sai aka shiga gina wa 'yan sama jannati masauki a can sama. Sobiyat ta fara da Salyut a 1971. Amurka ta bi da Skylab a 1973, wanda ɓaraguzansa suka faɗo a Ostareliya a 1979. Sai Mir ta Sobiyat, wadda daga baya ta zama ta Rasha, daga 1986 zuwa 2001. A 1998 aka soma haɗa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, tun Nuwamba na 2000 kuwa ba ta rabu da mutane a ciki ba. Faɗinta ya kai filin ƙwallo, tana nisan kilomita 400 daga ƙasa, tana kewaya duniya cikin minti 90. Bisa kwatancenka, mai yiwuwa ita kuka gani. Sin ma ta fara harhaɗa tata, Tiangong, a 2021.

Me ya sa sai da magariba ko asuba? Ai hasken ba fitila ba ne, hasken rana ne ke dukan jikinta. A lokutan nan mu muna cikin duhu, ita kuwa saboda tsayinta rana ba ta faɗi mata ba tukuna. Shi ya sa za ka ga tana cikin tafiya sai ta dushe ta ɓace: ta shiga inuwar duniya ke nan.

Ga yadda za ka rarrabe. Jirgin sama yana da fitilu ja da kore, wasu fitilunsa kuma suna ƙyaftawa. Tauraron da ake cewa ya faɗo kuwa, kafin ƙiftawar ido ya wuce. Zara tana nan wuri guda, sai dai ta gangara a hankali. Amma tashar nan daga wajen yamma take ɓullowa ta nufi gabas, haskenta ya kusa na Zara, cikin minti biyar ko shida ta gama keta sama. In kuma ka ga jerin ƙananan taurari suna bin juna kamar ayarin raƙuma, to na kamfanin Starlink ne, masu ba da intanet, an fara harba su a 2019. Daren damina bayan an ɗauke ruwa ya fi daɗin kallo, don hazon hunturu yakan rufe su.

Saboda haka kada wani ya tsorata ku, balle ya karɓe muku kuɗi da sunan maganin tsari. Ba ya hana ruwa, ba ya kashe dabba. Hasali ma da 'yan uwansa ake duba gizagizai a yi muku hasashen damina. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.