Daga Molon Dawuda Zuwa Gadon Asibiti

Duk mun san labarin Sarki Saul a 1 Sama'ila sura 16. Idan mugun ruhu ya tsananta masa, sai Dawuda ya ɗauki molo ya kaɗa, sarki ya sami sauƙi. Yau akwai mutanen da wannan ne aikinsu, har da digiri a kai. Su ne masu jiyya da kiɗa.

Tun a 1891 wani Kanon na ikkilisiyar Angilika a Landan, Frederick Harford, ya kafa ƙungiyar makaɗa da mawaƙa masu zuwa asibitoci su yi wa marasa lafiya kiɗa mai taushi. Ƙungiyar ba ta daɗe ba, amma ta share hanya.

Yaƙi ne ya mai da abin sana'a. Sojojin Amurka sun dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu da raunin jiki, waɗansu da firgicin da ya hana su barci da magana. Makaɗa suka riƙa zuwa asibitocinsu, likitoci kuma suka ga canji. Amma sun lura cewa iya kiɗa kaɗai bai isa ba, sai makaɗi ya san ciwon da ke gabansa. A 1944 kwalejin jihar Mishigan ta fara ba da digiri a wannan fanni, a 1950 aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa.

Magabatansu daga wurare dabam dabam suka fito. Juliette Alvin haifaffiyar Faransa ce, gwanar babban gogen Turawa, ita ta kafa ƙungiyar wannan aiki a Ingila a 1958. Paul Nordoff Ba'amurke ne mai tsara kiɗa, Clive Robbins kuwa malamin yara masu naƙasa ne a Ingila. Sun yi aiki tare shekaru da yawa, Nordoff kuwa ya mutu a 1977. Nordoff yakan zauna a piyano ya bi duk sautin da yaro ya yi, ko ihu ko bugun ganga, ya amsa masa da kiɗa, har yaron da ba ya kula kowa ya gane cewa ana sauraronsa.

Yau a Amurka sai mutum ya karanta kiɗa, ilimin halayyar ɗan Adam da aikin jiki, ya yi awa 1,200 yana koyo wajen marasa lafiya, ya kuma ci jarrabawa. Suna taimakon tsofaffi masu cutar mantuwa, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, domin sau da yawa wanda ya kasa faɗin kalma yakan iya rera ta. Haka aka taimaki 'yar majalisa Gabby Giffords bayan an harbe ta a ka a 2011.

Mu tuna, fadawan Saul gwani suka nema, ba mai riƙe molo kawai ba. Cikinmu akwai masu jita da ganga da murya, a unguwanninmu kuma akwai tsofaffi kwance da ba mai leƙa su. Mu je mu rera musu waƙar da suka sani tun ƙuruciya, a hankali, da izinin iyalinsu, ba tare da cewa su bar magani ba. Wanda kuma ke son kiɗa da aikin asibiti duka, ya sani waɗansu sun haɗa biyun, ya nemi karatunsa.

Ubangiji ya yi amfani da baiwarmu domin masu shan wuya. Amin.