Ina Mai Masauki Ya Shiga?

'Yan uwana mazauna kurmi, na Sabon Badun da Shagamu da Agege, har da na Ama Hausa can ƙasar Ibo. Yau so nake mu ɗan waiwayi tarihin wata sana'a wadda ita ce ta kafa yawancin unguwannin da muke zaune a cikinsu, wato sana'ar mai gida, ko kuma mai masauki. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, a yanzu idan mutum ya tashi tafiya Arewa, mota ga ta nan birjik, abinci kuma ko'ina aka tsaya akwai na sayarwa, amma wanda zai tarbe ka a hanya ya kira sunanka da na mahaifinka, ya ce wa mutanen gari "wannan baƙona ne", shi kam ya zama kayan alatu, sai mai hali. Alhali kuwa a zamanin kakanninmu ko mai korar jaki yana da irin wannan gata.

Bari mu fara daga zamanin ayari. A ƙarni na 19, kafin Turawa su ci ƙasar, babbar hanyar fataucin Hausawa ita ce ta Gwanja, wato arewacin Gana ta yau, inda kasuwar Salaga take. Goro ake zuwa saye, wanda ake fito da shi daga dazuzzukan Asante. Fatake kan tashi daga Kano ko ƙasar Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango ko Yandi har su isa. Zuwa kaɗai yakan ci wata biyu zuwa uku, kafin mutum ya je ya yi ciniki ya dawo kuwa, wani lokaci shekara ta kusa zagayowa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi yin suna a wannan hanya.

To mai karatu, a irin wannan tafiya babu banki, babu 'yan sanda, babu takardar shaida. Jarin madugu na gaskiya shi ne mutanen da ya sani. Kowane gari aka zo sai an biya garama, kowane kogi sai an biya fito, kuma madugu ne zai shiga gaban sarki da gaisuwa ya yi ciniki a madadin ɗaruruwan mutanen da ke bayansa. Idan sarkin ya san shi, ya san ubansa, an wuce lafiya, idan kuwa baƙuwar fuska ce, to dukiyar ayari tana cikin haɗari. Inda aka saba yada zango, sannu a hankali wasu fatake suka zauna, suka yi aure, suka gina ɗakuna suna saukar da masu zuwa. Shi ya sa har gobe unguwannin baƙi Musulmi a Gana sunansu Zango.

Kada wani ya ce yabon zamanin da kawai nake yi. A cikin ayarin nan akwai bayi, wasu suna dako wasu kuma su kansu haja ne. Akwai 'yan fashi, musamman a Bargu, akwai ciwo, kuma ba duk wanda ya tafi ne yake dawowa ba. Ni dai ba zan so a mayar da ni can ba.

Hanyar Gwanja ta fara rauni ne bayan Ingila ta kai wa Kumasi yaƙi a 1874, sai kuma yaƙin basasar da ya watse Salaga a 1892. Daga nan goro ya fara bin teku, a loda shi a jirgin ruwa daga bakin gaɓar Gana zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma Kano ya shahara a gyaɗa. Sai ga jirgin ƙasa: ya iso Badun a 1901, layin ya kai Kano a 1911, ko da yake da farko a Jabba sai an tsallakar da shi ta ruwa kafin a gama gada. Manoman Yarbawa su ma suka shiga dasa irin goron da Arewa ke so, wanda har yau suke kira "gbanja", ka ji sunan Gwanja ke nan ya biyo iri. A 1916 aka keɓe mana Sabo a nan Badun.

Mutum zai zaci tunda jirgi ya mayar da tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, shi ke nan mai masauki ya rasa aiki. Wallahi sai ma lokacin ne kasuwarsa ta buɗe. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanmu a 1969, kuma abin da ya bayyana game da masu gida ya yi daidai da abin da dattawanmu suke faɗa a bakin masallaci. Dalilin kuwa a fili yake. Goro ba ya jira, idan ba a san yadda za a shirya shi a huhu ana duba shi ana sauya ganye ba, sankara ta shiga ko ya bushe, jari ya tafi. Shanu su ma ba sa jira, domin waɗanda aka koro a ƙasa sun ratso ƙasar tsando, idan ba a sayar da wuri ba sammore ya kama su. Ga mai shanu ya zo daga nesa, bai jin Yarbanci, mahautan gari kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Wa zai ba wa mutumin da bai taɓa gani ba sa goma bashi, ba takarda ba shaida?

A nan ne mai gida yake shiga tsakani. Shi zai ba baƙo ɗaki da tuwon dare, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalinsa. Dillalin nan ya san kowane mahauci, ya san wanda ke biya da wanda ake bi bashi a wurare uku. Idan aka sayar bashi, mai gida ne ya tsaya, ma'ana idan mahauci ya gudu shi zai biya daga aljihunsa, mahaucin kuma ya rufe wa kansa ƙofa a kara. Ranar komawa a yi wa baƙo guzuri a raka shi tasha. Ba sadaka ba ce, akwai la'ada, kuma mai gidan da ya yi wasa da baƙo ɗaya labarinsa zai riga shi isa Kano. Amma dai ciniki ne wanda ba ya yiwuwa sai an zauna tabarma ɗaya an sa hannu a akushi ɗaya.

Mahaifina ya tarar da ƙarshen wannan zamani. Ya zo Badun yana saurayi a shekarun 1980, yaron wani mai gida ne a harkar goro, aikinsa tarbar baƙi a tasha da kai musu ruwan alwala. Ya ce akwai baƙon da yake sauka a gidan tun zamanin mahaifin mai gidan, har ɗakinsa an sani, ba a ba kowa. Na taɓa tambayarsa, "Baba, to idan baƙon ya sami wani mai gidan da ya fi rangwame fa?" Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ana sauya uba ne don an ga mai kuɗi?"

Abin da jirgin ƙasa da titin Ikko zuwa Badun na 1978 ba su yi ba, wayar salula ta yi shi. Tun da ta shigo a 2001 abubuwa suka fara juyawa, ballantana da aka zo ga tura kuɗi ta waya. Yau Baba yana zaune a shago zai ɗauki hoton daushe da marsa ya tura wa abokin cinikinsa a kasuwar Mariri a Kano ta WhatsApp, a yi ciniki, kuɗi su shigo, a ba direban tirela kaya. Akwai mutumin da muka yi shekara shida muna ciniki da shi, ban san tsawonsa ba. Ni ba na ƙin wannan, domin kuwa ya raba mu da ɗaura kuɗi a ƙugu ana kwana a hanya ido biyu. Sai dai ajiyar kuɗi da kawo labarin farashi da tsayawa bashi, su ne igiyoyin da suka ɗaure baƙo da mai gida, kuma na'ura ta kwance su ɗaya bayan ɗaya.

Ku duba yadda muke tafiya yanzu. Ka hau safa da yamma, ka kwana ka wuni kafaɗa da kafaɗa da mutum, kowa ya toshe kunne da waya. A wuce Ogbomosho, a wuce Ilori, a tsallake Jabba cikin dare, ba ka san sunansa ba. Kuma ba girman kai ba ne, tsoro ne. Tun a gida an ja maka kunne kada ka karɓi abincin kowa, kada ka faɗi inda za ka, saboda masu ba 'yan garkuwa labari. Sabon jirgin ƙasa da aka buɗe a 2021 tsakanin Ikko da Moniya yana da sanyi da tsafta, cikin awa uku ka isa, amma za ka iya shiga ka fita ba ka yi wa kowa sallama ba.

Masu kuɗi su ne suka gane abin da aka rasa, har suna saye. Je ka filin jirgin sama ka gani: babban mutum yana sauka akwai wanda aka biya ya tsaya masa, ya karɓi jaka, ya ce "sannu da zuwa ranka ya daɗe", ya shige masa gaba a wuce layi. A manyan otal kuma ana koya wa ma'aikata su riƙe sunan baƙo da irin shayin da yake sha. Wannan fa aikin da Baba ya yi ne yana yaro da silifas, yanzu an sa masa kwat an ɗora masa farashi. Bambancin kawai shi ne ma'aikacin otal ba zai biya maka bashi ba, kuma ranar da gari ya rikice ba zai tsaya a ƙofa ya ce baƙonsa ne ba.

Mu mazauna kurmi mun san wannan rana. Mun ji ta Shagamu a 1999, mun ga ta kasuwar Shasha a nan Badun a Fabrairun 2021, lokacin da gidan Sarkin Sasa ya cika da mata da yara. A irin wannan rana abin da mutum ke nema shi ne ƙofar da za ta buɗe masa, ta Bahaushe ce ko ta Bayarabe maƙwabci. A watan Maris na 2025 kuma matafiya 16, mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo aka kashe su. Allah ya jiƙansu. Laifin yana kan waɗanda suka aikata, babu wani kwana-kwana. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsawon wannan hanya, gari bayan gari, matafiyi yana wucewa kamar kaya a bayan mota, babu inda aka san shi.

Baba yana da wani tsohon littafi na ajami da ya rubuta sunayen mutanensa na hanya, daga Oyo har Tegina. Bara na zauna ya karanto mini, na nemi lambobin waɗanda za a iya samu. Cikin goma sha ɗaya, bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Na kira ɗan ɗaya daga cikinsu a Makwa, ya ɗauka da "wa ke magana?" irin na mai zargin ɗan damfara. Da na faɗi sunan Baba sai muryarsa ta sauya, ya ce yana tuna mai kawo musu goro da alewa, ya ce duk ranar da zan wuce lallai in sauka in kwana.

Na yi lissafi. Safa ba ta jiran mutum ɗaya, idan na sauka kuɗin kujerata ya tafi, gobe sai na biya wata mota, ga kwana guda da shago zai yi ba ni. Da tsadar mota tun bayan cire tallafin mai a 2023, kwanan nan ɗaya a gidan da za a ba ni tuwo kyauta ya fi mini kwanan otal tsada. Na ce masa in Allah ya kai mu ƙaramar Sallah ina tafe, ya ce in taho masa da fari ƙwarya ɗaya, tsohuwarsa ba ta cin ja.