Iskar Sararin Duniya da Zafin Ƙasa

Iskar sararin duniya ita ce lulluɓin da Allah Maɗaukaki ya kewaye ƙasa da shi, wadda kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin, alhali a cikin ɗan ragowar ne ake samun tururin ruwa da iskar kabon da misen, waɗanda ke tsare zafin da ƙasa ke mayarwa sama bayan rana ta gasa ta. Ba domin wannan hikima ba, da matsakaicin zafin duniya ya faɗi zuwa digiri 18 ƙasa da sifiri, maimakon kimanin 15 da ake da shi. Tauraruwar Zahra kuwa, wadda galibin iskarta kabon ce, zafinta ya haura digiri 450.

Mazauna Nima da Mamobi a Akara suna ganin tasirin tururin ruwa kowace shekara, domin idan hunturu ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu da busasshiyar iskar Sahara, leɓe ya tsage, sai asuba ta yi sanyi saboda ƙarancin tururi. Amma da zarar danshin teku ya dawo a Maris, ɗakunan kwano ba sa hucewa har tsakar dare.

Ƙona gawayin ƙasa da man fetur ya ɗaga kabon daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420, abin da ke ƙara zafin duniya, kuma talakan unguwanni masu cunkoso ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa.