José Peseiro, mai zuwa bakin kofi

A gidajen kallon ƙwallo na Funtuwa da Malumfashi, in aka ce kocin Fotugal, Mourinho ake nufi. Amma wanda ya riƙe tamu tawagar, Super Eagles, shi ne José Peseiro, haifaffen garin Coruche a 1960.

Bai yi suna da ƙafarsa ba. Ɗan wasan gaba ne a ƙananan ƙungiyoyi, ya ajiye takalmi a 1994. A horarwa ya samu kansa: ya ɗauko Nacional ta tsibirin Madeira daga rukuni na uku ya kai ta na ɗaya, har Carlos Queiroz ya ɗauke shi mataimaki a Real Madrid a 2003. A watan Mayun 2005 ya kai Sporting wasan ƙarshe na Kofin UEFA a filinta na Lisbon. Su suka fara ci, amma CSKA Moscow, wadda daga baya Ahmed Musa ya buga wa, ta lallasa su 3-1. Daga nan sai yawo: Saudiyya, Girka, Masar, Porto, har Benezuwela, inda ya ajiye aiki a 2021 saboda bashin albashi.

Ya karɓi Najeriya a watan Mayun 2022, bayan Ghana ta hana mu zuwa Katar. Wata guda bayan haka aka zura wa Sao Tome 10-0, Osimhen ya ci huɗu. Murnar ba ta daɗe ba. Fotugal ta ci mu 4-0, Gine-Bisau ta doke mu a Abuja, sannan aka yi kunnen doki da Lesotho da Zimbabwe. 'Yan kallo suka fara cewa a sallame shi.

A Kwadebuwa ne ya nuna ya san aikinsa. Bayan canjaras da Equatorial Guinea, sai ya koma wa masu tsaron baya uku, ya bar Zaidu Sanusi, ɗan Jega, yana kai-komo a gefen hagu, da Stanley Nwabali a raga, golan da kusan ba wanda ya san shi kafin gasar. Wasa huɗu a jere ba a zura mana ƙwallo ba. Ba wasa ne mai daɗin kallo ba, amma ya kai mu ƙarshe. Abin da bai yi wa 'yan Arewa daɗi ba shi ne yadda kyaftin Ahmed Musa ya ƙare gasar a benci, ko minti ɗaya bai taka ba.

Ranar 11 ga Fabrairun 2024, Troost-Ekong ya ci da ka, aka tafi hutu muna gaba. Sai tawagar ta noƙe baya, Kessié ya farke, Haller ya ci ta biyu, kamar dai daren Lisbon shekara 19 da suka wuce. A farkon Maris Peseiro ya sanar da tafiyarsa, da lambar azurfa a hannu.