Barde, cavalier da hawan ƙawara: zare 🧵

1/ Kullum muna ji a rediyo "an yi wa doka hawan ƙawara". Jiya na tambayi abokaina biyar a hostel mene ne ƙawara, ba wanda ya sani. Har da ɗan Roni da ke cika baki wai kakansa na da dawaki 😅

2/ Hawan ƙawara shi ne ka ɗare doki ba sirdi. Ba shiri, ba girmama dabbar, ba girmama mai ita. Daga nan maganar ta koma kan duk wanda ya taka doka ko mutum da raini.

3/ Turanci ma ya ɗauko rainin daga bayan doki, amma ta wata hanya. Kalmar cavalier asalinta mahayin doki ce, daga Latin caballus, wato doki. A yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642, 'yan ɓangaren majalisa suka liƙa wa magoya bayan Sarki Charles I sunan don zagi. Yau in aka ce mutum cavalier ne, ana nufin mai ko-in-kula, mai kallon mutane ƙasa-ƙasa.

4/ Mu kuwa barde bai taɓa zama zagi ba. Sarauta ce ma. Madaki daga madawaki yake, shugaban rundunar dawaki. Ga Ubandawaki, ga Sarkin Dawaki. Wanda ya hau da cikakken shiri yabo ake masa, wanda ya hau a banza shi ake zagi.

5/ Shirin ma baƙo ne. Sirdi, linzami, likkafa, lifidi, duk daga Larabci muka aro su. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Kaya ne masu tsada, talaka bai isa ba. Ni a nan nake ganin sirrin: masu sirdi ne ke da bakin raɗa wa abu suna.

6/ Mu dawo gida. A 1819 Ɗan Tunku ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a. Aka yi shekaru ana gwabzawa, daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. A fadar Kano ta lokacin wannan tawaye ne da girman kai. Ka je Kazaure ko Gwiwa ka faɗi haka, ka ga yadda za a kalle ka. A nan jarumta ce.

7/ 'Yan Babura, ku da kuka daɗe a ƙarƙashin Kano kafin 1991, wanne labarin kakanninku suka ba ku? Ina jira a ƙasa.

8/ Af, kar a haɗa doki da ɗoki. Na ga wani ya rubuta "ina dokin ganinki". Malam, lanƙwasa ɗ ɗin nan kafin ta toshe ka.