Yadda Aka Sa Wa Masu Tallar Magani Linzami a Amurka

A farkon ƙarni na 20, da wuya mutum ya buɗe jarida a Amurka bai ci karo da tallar magani ba. Wannan ya ce nasa na warkar da tarin fuka, wancan ya ce ciwon daji, wani kuma ya haɗa ciwon ƙoda da sanƙo a kwalba guda. Babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai magani ya faɗi abin da ya zuba a ciki. Akwai wani magani mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup da mata ke ɗura wa jarirai lokacin fitowar haƙori. Yaro kan yi tsit nan take, domin akwai mofin a ciki, kuma da yawa ba su sake farkawa ba.

Jaridu sun san da haka, amma kuɗin talla ya toshe musu baki. Masu magani kan saka wani sharaɗi da jan tawada a yarjejeniyar talla: duk ranar da jiha ta yi dokar da ta taɓa kasuwarsu, yarjejeniya ta rushe. Saboda haka da zarar an kai irin wannan ƙudiri majalisa, sai editoci su tashi haiƙan su yaƙe shi. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

A watan Oktoban 1905 ne ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya fara fasa ƙwai a mujallar Collier's. Ya bi magungunan ɗaya bayan ɗaya yana kiran suna, har ya nuna cewa Peruna, wanda ake sha ana yabawa, kusan kashi 28 cikin ɗari barasa ce. A 30 ga Yunin 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsabtar abinci da magani, wadda ta wajabta a rubuta a jikin kwalba idan akwai barasa, mofin, hodar ibilis da makamantansu.

Murna ba ta daɗe ba. A 1911 Kotun Ƙoli ta duba shari'ar wani Dakta Johnson na Kansas City mai sayar da maganin ciwon daji, ta ce dokar ta hana ƙarya a kan abin da ke cikin kwalba ne kawai, ba ta hana ƙaryar cewa yana warkarwa ba. Majalisa ta yi gyara a 1912, sai dai ta ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cewa mai magani da gangan ya yi yaudara. Wa zai tona zuciyar mutum? Ya isa ya rantse cewa shi ya yarda da maganinsa. Ban da haka, dokar ba ta shafi tallar jarida ba, don haka sai aka kwashe alkawuran ƙarya daga jikin kwalba aka mayar shafin talla.

Na'urori kuwa babu mai ce musu uffan. Albert Abrams na San Faransisko ya yi ta bayar da hayar akwatunan lantarki da ya ce suna gano cuta daga ɗigon jini. Sai ga Radithor, ruwa mai ɗauke da sinadarin radiyam da aka ce yana ƙara kuzari. Attajiri Eben Byers ya sha wajen kwalba 1,400, muƙamuƙinsa ya zagwanye, ya mutu a 1932.

Abin da ya girgiza majalisa shi ne bala'in 1937, lokacin da kamfanin Massengill ya narkar da maganin salfa a cikin sinadarin diethylene glycol, mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. A 1938 aka yi dokoki biyu. Ɗaya ta ce a gwada magani kafin ya shiga kasuwa, ta jawo na'urori ƙarƙashin doka, ta kuma soke sharaɗin tabbatar da ganganci. Ɗayar ta ba hukumar kula da ciniki ta tarayya ikon hana tallar ƙarya. Birtaniya ta fi haka tsanani: a 1939 ta haramta tallar maganin ciwon daji ga jama'a gaba ɗaya, kuma a ganina nata matakin ya fi dacewa, domin wanda ciwo ya kai bango ba ya iya tantance alkawari.

Wannan sinadari na diethylene glycol dai shi ne ya kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin a 2008 zuwa farkon 2009. Ƙa'idar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta ce ba a tallata magani sai da amincewarta, amma har yau ana jin masu cewa suna warkar da ciwon suga da hawan jini a rediyo da lasifikar kasuwa. Ya kamata gidajen rediyonmu su riƙa neman takardar amincewar hukumar kafin su karɓi kuɗin kowace tallar magani.