Yadda Ɗakin Baƙo Ya Zama Ɗakin Haya a Zamfara

A zamanin dā ba a san kuɗin haya ba a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Ƙasa tana da faɗi, mutane kuwa kaɗan ne. In mutum ya taso daga wani wuri yana neman zama, sai ya tafi wurin mai gari da ɗan goronsa, a nuna masa fili. Ya saro itace, ya yanko ciyawa, maƙwabta su yi masa gayya, kafin damina ta faɗi ya shiga ɗakinsa. Irin wannan zama na baƙi masu neman gona shi a ke kira tunga, shi ya sa ƙauyuka da yawa su ke da wannan suna, kamar Tungar Daji ta ƙasar Anka.

Baƙon da ba zama ya kawo shi ba, shi ma yana da nasa tsari. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro masu zuwa Gwanja ta bi kwarin Gulbin Zamfara, ta Gummi, ta nufi Jega. Ayari ya kan sauka a zango, manyan fatake kuwa su shiga gidan fatoma. To, fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Shi zai ba baƙo wurin kwana da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. In ciniki ya faɗa, sa'an nan ya sami la'adarsa. Saboda haka babu abin da fatoma ya ke tsoro kamar baƙo ya tashi da ɓacin rai, don kada baɗi ya sauka a gidan wani.

Jirgin ƙasa ne ya fara sāke wannan al'amari. Zuwa 1929 hanyar jirgi daga Zariya ta bi ta Gusau, ta kai Ƙauran Namoda. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna suna sayen gyaɗa da auduga. Sai ga waɗansu irin baƙi da ba a saba gani ba: ma'aikatan jirgi, da akawuna, da direbobi, da leburori, waɗansu daga Kudu, waɗansu daga sauran lardunan Arewa. Ba su zo da haja ba balle fatoma ya ci la'ada, ba su kuwa zo neman gona ba balle mai gari ya yanka musu fili. Abin da ke hannunsu albashi ne, wata wata. Daga nan masu hali suka ga ashe ɗaki kansa haja ne. Aka shiga gina gidaje a Sabon Gari, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, kowa ya biya nasa in wata ya mutu.

Anka da Gummi da Bukkuyum suna nesa da hanyar jirgi, don haka suka daɗe bisa tsohuwar al'ada. Malamin makaranta ko malamin asibiti da En'e ta Sakkwato ta aiko, galibi hakimi ne ke sa a nema masa masauki. Sai bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ma'aikata suka fara yawaita a irin waɗannan garuruwa. Ran 1 ga Oktoba 1996 kuma aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo a lokaci guda, gidaje ba su isa ba. Masu gidaje suka fara neman kuɗin shekara gaba ɗaya, dillalan gidaje suka shiga tsakani suna karɓar la'ada. Abin mamaki, kalmar la'ada ta fatoma ta wanzu, amma tuwon da amanar sun tafi.

Zinariya ita ta kawo cinkoso ƙasar yamma sosai. Da kuɗinta ya hau a kasuwannin duniya bayan 2008, samari suka taru daga kusa da nesa suna haƙa, ana niƙa duwatsun har a cikin gidaje. Ƙurar tana da dalma. Cikin 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a Bagega da Abare da Dareta da Tungar Daji, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu. Mahaƙi dai, komai ƙuncinsa, baƙo ne mai zaɓi. In ɗaki ya yi masa tsada sai ya kafa bukka a bakin rami.

Baƙon da ya biyo bayansa ba shi da zaɓi. Tun wajen 2011 ɓarayin daji suka fara satar shanu, abin ya kai ga kisa da ƙone ƙauyuka da satar mutane don fansa. Cikin 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, ba ta ɗage hanin ba sai ƙarshen 2024, amma fitinar ba ta kwanta ba. A watan Janairu na 2022 aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum farmaki, gwamnati ta ce mutum fiye da 10,000 suka rasa muhallinsu. Manomin da kakansa ya sami fili da goro, ga shi a cikin gari da mata da 'ya'ya yana neman ɗaki ɗaya, sai ya sayar da ɗan abin da ya tsira da shi ya biya.

A nan ne mai lura zai ga bambanci. Hayar Gusau ta 1929 da ta 1996 arziki ne ya ɗaga ta, gama mai biya yana da albashi. Wannan kuwa ta hau ne alhali gari yana tsiyacewa, gonaki sun zama kufai, hatsi ya yi tsada. Ba kuma daidai ba ne a ɗora wa masu gidaje laifin duka. Su ma daga kasuwar nan su ke ci, siminti da kwano sun ƙara tsada tun da aka janye tallafin man fetur cikin 2023, kuma da yawa sun buɗe zaurukansu ga dangi ba su karɓi ko kwabo ba. Waɗanda ba su da dangi a gari, ba su kuwa da abin biya, suka shiga makarantu da kangaye. A Anka, ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfara da ba a gama ba, shi ya zama masaukin 'yan gudun hijira shekara da shekaru.